LASIK, PRK ko SMILE ga mai tabarau na fulos: ku fara duba maganar saiti

Duk wanda ke sa tabarau mai lambar fulos, irin +2, +3, +4, kuma yake tunanin yin aikin leza ya huta da shi, akwai abu ɗaya da nake so ya fahimta tun kafin ya fara zaɓen sunan aiki, ko LASIK ko PRK ko SMILE, shine saiti. Wato a daidai ina za a dasa tsakiyar aikin a kan idon. Mutane sun fi tambayar wanne ne baya zafi, wanne ake warkewa da wuri, wanne ne sabo, kuma duk tambayoyi ne masu kyau, amma ga mai fulos gocewar rabin milimita kawai tana iya sa a gama aiki lambar ido ta dawo sifili a takarda amma mutum yana ganin fitilar mota da jela in dare yayi.

Dalili biyu ne yasa abin ya fi damun masu fulos fiye da masu mainos, wato masu lamba irin -2, -3.

Na farko yanayin sassaƙar ne. Gaban ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashi, likitoci na ce mata koniya, faɗinta wajen milimita 11.5 zuwa 12, kaurinta a tsakiya kusan rabin milimita ne. Mai mainos koniyarsa ake shafewa a tsakiya don ta rage tudu, aikin kai tsaye ne. Shi kuwa mai fulos idonsa gajere ne ko koniyarsa ta cika kwanciya, haske sai ya wuce ratina, fatar can bayan ido da ke karɓar hoto, yake haɗuwa, saboda haka ƙarin tudu yake buƙata a tsakiya. To leza bata ƙara nama, cirewa kawai take yi, sai dai ta zagaye tsakiyar ta haƙe zobe a gefe, tsakiyar da aka bari ta zama tudu. Wurin ganin da ake ginawa yakan kai milimita 6.5 zuwa 7, in aka haɗa da gefen da ake sassautawa ya kai wajen 9. Kun ga babban kaso na koniyar aka taɓa kenan, kuma tudun yanada ƙoƙuwa ɗaya tak, daga ita sai gangara ta kowane ɓangare. In ƙoƙuwar bata faɗa inda mutum ke kallo ta ciki ba to ta kan gangara zai dinga kallon duniya. Kamar tabarau mai ƙarfi ne da aka yanka shi tsakiyarsa bata daidaita da ido ba, bambancin kawai shi tabarau ana cire shi a mayar.

Na biyu kuma shine wanda mutane basu sani ba: ido baya kallo ta tsakiyar tagarsa. Tagar ido ina nufin ɗan baƙin ramin nan da ke tsukewa a rana ya buɗe a duhu. Wurin da ya fi kaifin gani a ratina ba a daidai bayan tagar yake ba, ya ɗan karkata wajen kunne, saboda haka layin da ya tashi daga abin da kake kallo zuwa can yana ratsa koniya ne ta ɗan wajen hanci. Wannan ratar ita ake kira kusurwar kappa. Kowa yanada ita kaɗan, amma gajeren ido tasa ta fi girma, wato daidai masu fulos ɗin. A wasu tazarar tsakanin tsakiyar taga da wurin da haske ke ƙyalli a koniya in mutum ya kafe fitila da ido tana kai rabin milimita ko ma ta wuce. Mai mainos sau da yawa wuraren biyu kusan a haɗe suke, ko wanne aka zaɓa babu asara sosai. Mai fulos dole a zaɓa, kuma zaɓin yanada sakamako.

An daɗe ana wannan gardamar. A 1987 Uozato da Guyton suka rubuta cewa a saita a tsakiyar tagar ido, hujjarsu kuwa ai hasken da ya shiga ta tagar shi kaɗai ke kaiwa ratina. A 1993 Pande da Hillman suka ce a'a, ƙyallin hasken da ake gani a koniya lokacin da mara lafiya ke kallon fitilar injin shine ya fi kusa da layin gani na gaskiya. Ga masu fulos dai yawancin ƙwararru yanzu sun karkata ga na biyun, ko kuma ga ƙoƙuwar koniya da injin hoton koniya ke nunawa, wadda kusan wuri ɗaya ne da ƙyallin. Wasu kuma in ratar tayi yawa sai su tsaya a tsakani, su matsa rabi ko kashi biyu cikin uku daga taga zuwa ƙyalli, don kada gefen tagar na wajen kunne ya fita daga wurin da aka gyara in ta buɗe da dare. Ni dai hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce tagar ido ba tsayayyen wuri bace, in ta tsuke ko ta buɗe tsakiyarta na matsawa, hasken ɗakin awo daban na ɗakin tiyata daban, to yaya za a ɗora aikin da ba a gogewa a kan alamar da ke yawo.

Yanzu mu ɗauki hanyoyin.

LASIK an daɗe ana yi wa masu fulos, tun shekarun 1990. Ana yanka siririn murfi a saman koniya, kaurinsa wajen maikiron 100 zuwa 120 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), yanzu galibi da lezar femto ake yankawa ba da reza ba, a ɗaga shi, a sassaƙa ƙasa da wata lezar daban mai suna eksaima, a mayar. Ƙarfinsa a maganar saiti shine injin yanada kyamarar da ke bin ido yayin da ake aiki. Injina irin WaveLight EX500 na kamfanin Alcon da Amaris na Schwind kyamararsu na duba matsayin ido sau 1050 a daƙiƙa ɗaya, ido ya motsa kaɗan leza ta bi shi, ya motsa da yawa ta tsaya cak. Wannan ba ƙaramin abu bane musamman da yake aikin fulos ya fi na mainos ɗaukar lokaci a kowace lamba, wurin da ake ci ya fi faɗi, kuma da zarar an ɗaga murfi fitilar da aka ce ka kalla sai ta zama dishi-dishi, ido ya fara neman yawo.

Amma ga inda nake so a lura sosai. Kyamarar nan tagar ido take bi, don ita ce baƙar da'irar da take iya ganewa. In likita bai shigar mata da ratar kappa ba, to zata riƙe tsakiyar taga ne daram, ta sassaƙa tudun a can ba kuskure ko kaɗan, alhali wurin ne ba daidai ba. Saurin kyamara baya gyara wurin da aka nuna mata. Saboda haka in an ce maka injinmu na bin ido sau dubu a daƙiƙa, tambaya ta gaba ita ce a ina kuke sa tsakiyar. Injinan zamani duk suna barin likita ya matsar da saitin, wasu da hannu yana kallon ƙyallin ta madubin tiyata, wasu kuma injin hoton koniya ne ke tura lambobin kai tsaye, har da hoton zanen baƙin ido don a gyara matsawar da taga keyi in haske ya canza. Sannan akwai aikin da ake tsarawa daga taswirar koniya gaba ɗaya, shi dama a kan ƙoƙuwar koniya yake zama da kansa.

Wani ƙaramin abu kuma da ke ɓata LASIK na fulos shine murfin kansa. Tunda sassaƙar ta kai milimita 9 dole murfin yayi faɗi, kuma in an matsar da saiti wajen hanci shima murfin ya kamata ya bi, in ba haka ba gefen aikin ya sauka a kan inda ba a buɗe ba ko a kan maƙalar murfin, sai ɓangare ɗaya ya ci ɗaya bai ci ba. Anan lezar femto ta fi reza nesa ba kusa ba, don ana iya zaɓen faɗi da matsayin murfin a allo kafin a yanka.

PRK a maganar saiti kusan ɗaya yake da LASIK, lezar ɗaya ce, kyamarar ɗaya ce, ratar kappa ma haka ake shigar da ita. Ya ma fi ta wani gefen tunda babu murfi babu maƙala da zasu tare hanya. Matsalarsa a warkewa take. Ana cire fatar saman koniya ne, mai kaurin wajen maikiron 50, a faɗin milimita 9, sai ta sake tsirowa, kwanakin farko akwai zafi da hawaye, ganin kuma yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya zauna. Kuma ita wannan fatar halinta ne ta cike rami, zoben da aka haƙa sai ta ƙara kauri a cikinsa, wani ɓangare na lambar ya dawo. A LASIK ma hakan na faruwa amma a PRK ya fi, ga kuma hazo da kan fito a zoben, shi yasa ake shafa maganin mitomaisin lokacin aiki. In fatar bata cike daidai ta kowane gefe ba, aikin da aka saita da kyau sai taswira ta nuna kamar ya ɗan karkata. Ni a ganina PRK na mai ƙaramar lamba ne wanda koniyarsa bata dace da murfi ba, ko wanda sana'arsa ko wasansa ke sa ana yawan bugun fuska.

SMILE shi ne ke buƙatar dogon bayani don tsarinsa daban ne gaba ɗaya. Kamfanin Zeiss ne ya kawo shi da injin VisuMax. Ba a ɗaga murfi, lezar femto ce ke yanka wani siririn faifai a cikin naman koniya, likita ya zaro shi ta ƙaramar ƙofa ta milimita 2 zuwa 4. Izinin da hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ta bashi a 2016 na masu mainos ne, a kansu ya yi suna, yin sa ga masu fulos daga baya ya biyo. Faifan fulos siriri ne a tsakiya mai kauri a gefe, ya fi na mainos faɗi.

Abin da ke ba mutane tsoro shine SMILE bashi da kyamarar bin ido lokacin yanka. Abin da akeyi, ana sauko da wani gilashi mai lanƙwasa a kan koniya mutum yana kallon koren haske, in ya zauna sai a kunna iska ta zuƙe idon ta riƙe shi, daga nan ido da inji sun zama abu ɗaya, babu motsin da za a bi. Wato duk saitin a cikin ƴan daƙiƙun saukowar nan ake yinsa. In mutum na kallon koren hasken da kyau, ƙoƙuwar koniyarsa ce ke fara taɓa gilashin, sai aikin ya zauna kusa da layin gani da kansa, wanda dama shi ake so ga mai babbar kappa. In kuwa ya tsorata ya kau da ido, ko kansa ya karkata, ko likitan ya biye wa tagar ido don yaga kamar ta kauce a allo, to a karkace za a riƙe shi. A tsohon injin babu gyara bayan an zuƙa, sai dai a saki a sake. Sabon, VisuMax 800 da ya fito a 2021, yana nuna wa likita inda ƙoƙuwar koniya take da inda tsakiyar taga take a allo yayin da yake saukowa, kuma yankan ya ragu zuwa kimanin daƙiƙa 10, wanda ke rage haɗarin idon ya kuɓuce ana tsakiyar aiki.

To a aikace wanne ya fi dacewa da saiti? Ɗaya daga cikin binciken farko-farko na SMILE ga masu fulos an yi shi ne a cibiyar ido ta Tilganga da ke Kathmandu a Nepal, Dan Reinstein na Landan tare da Kishore Pradhan da abokan aikinsu, kuma a 2017 suka wallafa sakamakon saiti suna gwada shi da LASIK na fulos. Abin da suka samu, SMILE bai gaza LASIK ba, a duka biyun matsakaicin gocewar bai kai rabin milimita ba. Wannan labari ne mai daɗi, ya nuna rashin kyamara ba shi ke nufin rashin saiti ba. Sai dai a tuna hannun waye yayi aikin, mutane ne da suka ƙware sosai a hanyoyin biyu. Likitan da ya fara SMILE jiya ba lallai ya samu irin wannan ba, kuma a SMILE babu na'urar da zata rufa masa asiri, a LASIK kuwa in an shigar da lambobi daidai injin na ɗaukar wani kaso na nauyin.

Ga masu astigimatizim (koniyar da lanƙwasarta ta wani gefe ta fi ta wani) a kan fulos ɗin, kuma sunada yawa, akwai saiti na biyu wato juyawa. Ana auna ido kana zaune, ana aiki kana kwance, kuma ido kan ɗan murɗa in an kwanta, yawanci digiri kaɗan, a wasu ya kai 10. Gocewar digiri 10 tana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gyaran astigimatizim, digiri 30 kuwa ta cinye duka. Lezar eksaima ta daɗe tana gyara wannan ta hanyar gane zanen baƙin ido. Tsohon SMILE sai dai likita ya sa alama da alƙalami ya murɗa gilashin da hannu, sabon injin ne ya zo da hanyar juya tsarin a kwamfuta. Mai babban astigimatizim ya tambayi wannan takamaimai.

Sai maganar in an samu matsala. Babu wanda ke son jin wannan kafin aiki amma ya kamata ya shiga lissafi. Alamun gocewar saiti sune haske mai jela, zobe a kan fitila, ganin abu biyu-biyu da ido ɗaya, da gani da tabarau baya iya kaifafa shi kamar da. A LASIK ana iya sake ɗaga murfin a yi gyara da taswirar koniya, hanya ce sananniya duk da ba kullum take mayar da komai ba. A PRK a sake bi ta sama. A SMILE ba a sake zaro wani faifan cikin sauƙi, yawanci ko a yi PRK a kai ko a mayar da saman ya zama murfi a yi kamar LASIK, wato ƙarshenta eksaima za a koma wa. Cibiyar da ke da SMILE kaɗai bata da eksaima mai aiki da taswira, ni bazan kwanta mata ba.

In ni ake tambaya, mai +1 zuwa +3 ko +4 da koniya lafiyayya, LASIK na femto da aka saita a ƙoƙuwar koniya ko ƙyallin haske shine zaɓin da ya fi tarin shaida a bayansa, an san halinsa na shekaru, an san yadda ake gyara shi. SMILE na fulos zan yarda da shi a hannun wanda ya yi da yawa, a kan sabon inji, musamman ga mai fama da bushewar ido tunda ƙaramar ƙofa bata yanke jijiyoyin koniya kamar murfi, amma da sanin cewa tarihinsa gajere ne. Kuma mutumin da ya san baya iya tsayar da idonsa wuri ɗaya, ko mai tsananin fargaba, ko wanda ido ɗaya nasa malalaci ne tun yarinta baya kafe abu da kyau (wannan kuwa ya yawaita a masu babban fulos), ya gaya wa likita tun farko, don duk hanyar da ta dogara da kallon haske zata yi masa wuya, musamman SMILE.

Ranar awo ka nemi a nuna maka taswirar koniyarka, injina irin Pentacam suna fitar da tazarar taga da ƙoƙuwa a lamba. Ka tambaya nawa ce tawa, a ina zaku saita, da hannu ko daga inji, kuma faɗin wurin gani nawa zaku yi in aka gwada da girman tagar idona a duhu. Likitan da ya saba aikin fulos bazai yi mamakin tambayar ba, amsar na bakinsa. Ka kuma tabbata an ɗiga maka maganin da ke sakin tsokar ido kafin a auna lamba, don matashi mai fulos idonsa na ɓoye wani kaso na lambar ta hanyar matsewa, in ba a saki tsokar ba abin da aka auna ba shine gaskiyar ba.

Akwai kuma iyaka da saiti komai kyansa bazai ɗaga ba. Wasu injina sunada izini har +6, amma likitoci da yawa a +4 suke tsayawa, kuma suna lissafin kada ƙarfin koniya bayan aiki ya haura wajen 49 zuwa 50 a ma'aunin tudunta, don in tudun yayi tsini da yawa hawaye baya zama a kansa, ido ya bushe, gani ya ragu, kuma duk ɗan gocewa illarta na ƙaruwa da girman lambar. Wanda ya haura shekara 45 ko 50 da babban fulos, sau da yawa canza lensin cikin ido, irin aikin da ake wa masu yanar ido, ya fi masa leza a koniya. Can ma kappa zata biyo shi, don lensi mai zobba na ganin nesa da kusa baya jituwa da babbar kappa, dole a auna ta kafin a zaɓi irin lensin da za a sa.